Wa Zai Tsaya wa Yaro Naƙasasshe a Gaban Shari'a?

Sanin kowa ne cewa al'ummar Hausawa ba ta taɓa rasa tsari game da naƙasassu ba. Tun zamanin da, manyan garuruwa suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda suke sasanta jama'arsu, su kuma kai kukansu fada. Sai dai wannan tsari an gina shi ne a kan tausayi da sadaka, shi kuwa tausayi ba a tilasta wa mutum yin sa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ilmin yaro makaho ko kurma ko gurgu ko mai raunin fahimta ya riga ya zama haƙƙi a dokokin Nijeriya, kuma abin da ya yi ƙaranci shi ne masu tsaya wa iyaye har haƙƙin ya iso hannun mai shi.

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da ke rubuce. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta keɓe babi guda domin ilmin yara masu buƙata ta musamman, amma manufa alkawari ce, ba a kai gwamnati ƙara a kanta. Tsarin Mulkin 1999 ma, ko da yake sashe na 18 ya yi maganar ilmi kyauta, sashe na 6 ya hana kotuna bincikar ko an cika abin da ke cikin wannan babi. Sauyi ya fara ne da Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro ilmin firamare da ƙaramar sakandare kyauta. A 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa wannan doka ta mayar da alkawarin haƙƙin da ake iya nema a kotu. Daga nan sai Dokar Hana Nuna Bambanci ga Naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019. Ita wannan ta ba naƙasasshe ilmi kyauta har sakandare, ta umarci makarantun gwamnati su karɓe shi tare da sauran yara, su tanadi malamin da ya ƙware, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu cikin manhaja. Wanda ya nuna bambanci zai biya tarar Naira 100,000 ko ya yi wata 6 a kurkuku ko a haɗa masa duka biyu, kamfani ko hukuma kuwa Naira 1,000,000. Wa'adin shekara 5 da aka bayar domin gyara gine-gine ya cika tun Janairu na 2024.

To, ina amfanin takobi a cikin kube? A ɗauki misalin uwar da ta kai ɗanta kurma makarantar unguwa, hedimasta ya ce ba su da malamin irinsa, ta kai shi makarantar kurame. Makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, ko ta makafi da ke Gindiri wadda aka kafa tun 1953, ba su da yawa, mafi yawansu kuma suna nesa da mutumin ƙauye. Uwar nan za ta koma gida ta ce haka Allah ya ƙaddara, ba tare da ta san an saɓa doka a kanta ba. Ƙarshen irin wannan yaro sau da yawa shi ne ƙoƙon bara, alhali dokar 2018 ɗin nan ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara.

Tarihin wasu ƙasashe ya nuna yadda ake zare takobin. A Amurka, iyaye ne da lauyoyinsu suka fara. A 1971 ƙungiyar iyayen yara masu raunin fahimta ta kai jihar Fensilbaniya ƙara, a 1972 kuma aka yanke shari'ar Mills, wadda aka shigar a madadin yara 7 da makarantun birnin Washinton suka ƙi karɓa. Hukumar ilmi ta kafa hujja da rashin kuɗi, alƙali Joseph Waddy ya ce idan kuɗi sun gaza, to a raba ƙarancin daidai, kada a ɗora shi a kan naƙasassu kawai. Waɗannan shari'o'i su suka haifar da dokar 1975, a lokacin da majalisar ƙasar ta ƙiyasta cewa yara naƙasassu miliyan 1 ba sa cikin makarantun gwamnati sam. Dokar ta ba iyaye ikon zama a tsara wa ɗansu karatun da ya dace da shi, da ikon ɗaukaka kuka idan ba su gamsu ba. Ashe ke nan ba alherin hukuma ne ya buɗe ƙofar ba, naciyar iyaye ce da taimakon masana shari'a.

Akwai masu cewa Bahaushe ba ya son kotu, sulhu alheri ne, kuma uban da ya yi ƙarar makaranta ya ɓata da malaman da za su riƙe masa ɗa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ta ɗauka aikin lauya a kotu yake farawa. Mafi yawan aikin shi ne a karanta wa uba abin da doka ta ce, a rubuta wa sakataren ilmi na ƙaramar hukuma takarda, a raka iyaye zama da hedimasta. Sulhun da aka yi bayan kowane ɓangare ya san matsayinsa ya fi ɗorewa a kan wanda mai rauni ya karɓa saboda rashin sani. Shi kansa hedimasta yakan amfana, domin takardar lauya hujja ce da zai nemi malami da kayan aiki daga sama. Kotu sai ta zama makoma ta ƙarshe.

Hanyoyin kuwa suna nan. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta 1995, da Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa ta 2020. Ƙa'idojin neman haƙƙi na 2009 sun yarda wani mutum ko wata ƙungiya ta shigar da ƙara a madadin mai rauni. Wajibi ne waɗannan hukumomi da Ƙungiyar Lauyoyi su ware wa wannan fanni ma'aikata. Ɗaliban shari'a da ke ba da shawara kyauta su haɗa kai da sassan ilmi na musamman, kamar na Jami'ar Bayero da ta Jos, domin lauya ba zai san abin da zai nema ba sai malami ya auna buƙatar yaron. Da yake ilmin firamare da sakandare galibi a hannun jihohi yake, jihar da ba ta kafa tata dokar ba sai a matsa mata, wadda ta kafa kuma a nemi ta aiwatar.

Sashen Hausa ma yana da nasa kaso. Dokokin nan da Ingilishi aka rubuta su, iyayen kuwa Hausa suke ji. Fassara su cikin sauƙaƙƙiyar Hausa, da karanta su a gidajen rediyo, da kai su ga sarakunan makafi da na guragu, aiki ne da ɗaliban fassara za su iya. Haka kuma maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa, wadda Constanze Schmaling ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000, harshe ce mai tsari, kuma yaro kurma yana buƙatar tafinta a aji da gaban alƙali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan lauya da malami da mai fassara suka haɗu, uwar da aka mayar wa ɗa daga ƙofar makaranta za ta san inda za ta nufa da kukanta.