Kwalbar "Ɗabi'i" da Fuskokin 'Ya'yanmu Mata



Wata 'yar kwalba ta mamaye kasuwar Gadarif, mai murfin matsi irin na maganin ɗigon ido, ana ce mata siram. Asalin abin ba laifi ba ne. Ruwa ne marar kauri da aka tattara sinadari ɗaya ko biyu a cikinsa, a ɗiga uku ko huɗu a fuska bayan wanka, kafin a shafa mai. Na bitamin C yana rage tabo a hankali cikin watanni, wani kuma aikinsa riƙe danshin fata. Rigimarmu da kalmar da aka liƙa wa kwalbar ce. Kowacce yanzu "ɗabi'i miya bil miya" ce, ko da a bayan shago aka ɗura ta, ko a ɗakin wata mai talla a Facebook, ba sunan masana'anta, ba jerin abin da ke ciki, ba ranar lalacewa. Alkawarinta kuwa ɗaya ne: haske cikin mako guda.

To, mu da muka tashi cikin gonakin riɗi ba za a koya mana aikin mai ba. Man riɗi yana tausasa fata, yana kare ta daga kaushi. Zuma da man kaɗanya ma haka. Amma babu mai, babu ganye, babu saiwar da ke sauya launin ɗan Adam cikin kwana bakwai. Abubuwan da ke yin wannan aiki sanannu ne: kotizon mai ƙarfi irin na Dermovate da Diprosone, waɗanda likita ke rubutawa don cutar fata na 'yan kwanaki, sai haidirokinon, sai zaiba. Kotizon yana cinye kaurin fata har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsage ta, ƙuraje da makero su samu gida, rauni ya ƙi warkewa. Idan an daɗe ana laftawa yakan ratsa cikin jini ya taɓa sukari da hawan jini. Ranar da aka daina kuwa fuska ta yi ja, ta ɗau zafi, dole a koma wa mai kwalba. Wannan ita ce ribarsa ta gaskiya. Haidirokinon, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliyar fata tun 2001, yakan bar baƙin tabo a kunci wanda da wuya ya goge. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki, shi ya sa yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa mata takunkumi.

Zuba waɗannan a kwalba a kira su na ɗabi'a algus ne, kuma ko ɗalibin da bai wuce Risala ba ya san hukuncin mai ɓoye aibin hajarsa. Ya fi muni a cinikin "gadar zurufak", inda ake auna wa yarinya haɗin da cokali gwargwadon kuɗin hannunta. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, jama'a suka kwararo daga Khartum da Madani, fam ya karye, maganin gaske ya yi tsada, wannan ciniki ya ƙara samun kasuwa. Ko siram na ƙwarai ma, bitamin C ba ya jure zafi da haske. Kwalbar da ta wuni a tebur cikin ranar Afrilu ta garin nan, ruwanta ya koma kalar shayi, ta riga ta mutu.

Sai dai kada mu ɗora wa 'yan kasuwa dukan kayan. Wane ne ya gaya wa 'yar shekara goma sha shida cewa launinta aibi ne? Saurayin da ke aiko da sharaɗin "fara" ne, da uwar miji mai leƙa fuskar amarya kamar mai tayin saniya, da mu iyaye maza da muke jin ana wannan zance muna kurɓar gahawa ba mu ce uffan ba. Akwai kuma ciwon da ba mu cika son faɗa ba. Kakanninmu sun yi sama da shekara ɗari a wannan ƙasa, tun hijirar da ta biyo bayan Burmi a 1903 da ayarin mahajjatan da suka gabace ta, amma har yau ana jifan 'ya'yanmu da baƙunta. Wasu 'yan matan sun ɗauka idan fuska ta yi haske gorin zai ragu. Bai ragu ba. A Yulin 2022, da aka far wa 'yan'uwanmu a Nilul Azraƙ, ba wanda ya tsaya duba wace ce fara, wace ce wankan tarwaɗa. Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Ubangiji. Muna karanta ta a allo, mu koma gida mu kankare.

Abin dariya, abin kuka: a Kano yau amare na biyan kuɗi masu kauri don a yi musu dilka da halawa da sunan gyaran jiki na Sudan. Abin da maƙwabciyarmu ke kwaɓawa da garin dawa da mahalab da kanumfari, ta turara da itacen ɗalha, shi ake alfahari da shi can, mu kuma muna musayarsa da ruwan da ba mu san mahaɗinsa ba.

Ba mu hana kowa gyara ba, kuma ba duk na gida ne lafiya ba: lemun tsami a fuska cikin rana yana ƙona fata, man riɗi kuma yakan tayar wa mai maiƙon fuska da ƙuraje. Wadda za ta sayi siram ta saya a kantin magani, kwalba mai duhu, a rufe, da sunan masana'anta da jerin sinadarai da kwanan wata. Ta gwada a bayan kunne kwana uku kafin ta kai fuska. Mai ciki da mai shayarwa su tambayi likita tukuna. Wadda ta riga ta daɗe kan haɗin kada ta yanke shi dare ɗaya, ta je wurin likitan fata ya janye mata a hankali. Limamanmu da masu unguwanni kuma muna roƙon su ɗauki maganar nan a wuraren ɗaurin aure, gaban samari da iyayensu mata, tun kafin bukukuwan bayan girbin riɗi su kankama.