Ƙaramar Mota a Garwa: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

A ƙasar da aka saba auna darajar namiji da dokin da yake hawa, ba abin mamaki ba ne a wayi gari ana auna ta da girman motarsa. Garwa gari ne na dawaki tun lokacin da Fulani suka kafa sarautarsu a bakin Binuwai a ƙarni na 19, kuma har gobe idan Lamiɗo ya fito hawa, kan ingarma idon jama'a yake tsayawa, ba mai waiwayen ƙuru. Wannan idon ne muka ɗauko muka ɗora wa mota. Mai Prado ana miƙe masa tun kafin ya kashe inji, mai 'yar Starlet ko Yaris kuwa sai a tambaye shi, cikin raha mai ƙaya a ciki, ko ta uwargida ce ya aro. Ra'ayina shi ne wannan ma'auni ya jefa magidanta da yawa cikin wahalar da ba dole ba ce. Ga malamin makaranta, ko ma'aikacin SODECOTON, ko ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi, ƙaramar mota mai yankakken baya, wadda ake ɗaga ƙofarta ta baya sama a zuba kaya, ita ce zaɓin mai hankali, muddin ya san abin da za ta iya da abin da ya fi ƙarfinta.

Mu fara da inda motar take fitowa. Kusan duk ƙaramar motar da ke yawo tsakanin Yelwa da Pumpumre ta riga ta yi rayuwa guda a Turai kafin ta zo mana. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sabuwar mota dal ta zama ta gwamnati da manyan kamfanoni da 'yan tsirarun attajirai, sauran jama'a suka koma ga ta hannu. Dillalai suna tattara su a wurare irin unguwar Heyvaert ta birnin Brussels, a loda su a jirgin ruwa a Antwerp, a sauke a Duwala. Wani rahoto na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Daga Duwala kuma sai motar ta ratsa fiye da kilomita 1,000 kafin ta ga gadar Binuwai, tunda layin dogo ma a Ngaundare ya tsaya. Kuɗin duwan, da na dako, da ribar kowane hannu da ta bi, duk a kan mai saye na ƙarshe suke sauka. Kuma da yake harajin shigowa yana bin darajar mota da girman injinta da shekarunta, ƙarama tun daga bakin teku take fara yi wa aljihu sauƙi.

Sai maganar mai, wadda ita ce ta sauya lissafin kowa a 'yan shekarun nan. Shekaru da yawa arewacin Kamaru da man Najeriya yake tafiya, wanda ake tsallakowa da shi a jarkoki a sayar a kwalabe a bakin titi, wato zuwa-zuwa. Arahar tasa daga tallafin gwamnatin Najeriya ta samo asali. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin, kwalbar bakin titi ta yi tsalle, kuma tun daga nan farashinta yake rawa da rawar naira. A gidan mai ma ba a tsira ba: litar fetur da ake sha a kan sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa zuwa 840 a Fabrairun 2024. To, mu yi lissafin da kowane yaro ɗan firamare zai iya. Garwa zuwa Marwa da dawowa kimanin kilomita 420 ne. Ƙaramar mota mai shan lita bakwai a kilomita ɗari za ta sha wajen lita 30, kuɗinsu ya ɗan haura jaka 25. Tsohuwar babbar mota mai shan lita goma sha uku za ta sha wajen lita 55, sama da jaka 46. Bambancin tafiya guda ya haura jaka ashirin, kuma wannan bambanci yana nan kullum, a kai yara makaranta, a zuwa kasuwa, a gaisuwar mutuwa. Shi ya sa ake ganin manyan motoci a ƙofar gidaje an lulluɓe su da tamfol, ƙura ta yi musu rawani, mai su yana tsayar da ɗan babur a kan titi. Kowa ya san sayen doki ya fi ciyar da shi sauƙi.

Gyara ma haka yake. Toyota ta daina ƙera tsohuwar Starlet a 1999 ta maye gurbinta da Yaris, amma har yau waɗannan biyun suna cikin motocin da suka cika titunan Yawunde da Duwala da fentin tasi ruwan ɗorawa. Direban tasi ba ya sayen mota don ado, wadda za ta jure wuya ta dawo da kuɗinta yake nema, kuma zaɓinsa shaida ce da ta fi tallar kowane kamfani. Yawan irin motar a ƙasa yana nufin kayan gyaranta suna nan, sabo da na hannu, kuma bakaniken da ke ƙarƙashin bishiyar dalbejiya ya san cikinta kamar tafin hannunsa. Wanda ya sayi baƙuwar mota mai kwamfuta a kowane lungu, ranar da wata 'yar na'ura ta mutu sai ya jira saƙo daga Duwala ko Kano, motar tana kwance mako uku.

Mai karatu zai iya cewa, in dai sauƙi ake nema, me ya hana a tsaya a kan babur? Ai Garwa garin babura ne, su ne tasi, su ne motar ɗaukar kaya. Gaskiya ne, kuma saurayi mai kai ɗaya babur ya ishe shi. Amma duk wanda ya taɓa ganin magidanci ya ɗoro mace da goyo da yara biyu a kan babur guda, a tsakiyar ranar watan Afrilu da zafi yake haura digiri 40, tirelolin auduga da na hanyar Njamena suna wuce su da iska, ya san abin da ƙofa huɗu da rufi suke saya wa iyali. Mai naƙuda da tsakar dare, da tsohon da ba ya iya ɗaga ƙafa, da yaron da zazzaɓi ya kayar a damina, duk a kujera suke buƙatar tafiya. Wannan shi ne ainihin amfanin mota a gida, kuma ƙarama tana yin sa daidai da babba.

Ban ce ba ta da aibi ba. Na farko, cikinta kusa yake da ƙasa. A kan kwalta, daga Garwa zuwa Pitowa ranar kasuwar Lahadi, ko zuwa Figil da Gidar, tana tafiyarta lafiya in direba yana kaucewa ramuka. Amma wanda gonarsa ko mahaifarsa take can cikin daji, inda sai an ratsa mayo mai yashi da rani, mai ambaliya a watan Agusta, kada ya yaudari kansa: ba don wannan aka yi ta ba. Na biyu, mutum biyar aka ƙera ta ta ɗauka, alhali gidajenmu ba na mutum biyar ba ne. Mu ne muke cusa mata mutum takwas da buhun masara biyu, sannan mu nufi hawan dutsen Ngaundare da ita, in ta yi zafi ta tsaya mu ce ba ta da ƙwari. Na uku, jikinta ba shi da nauyi, kuma a karo da babbar mota ita ce a ƙasa. Maganin wannan yana hannun direba: ɗamara a ƙirji, taya mai kyau, birki mai ci, da barin tafiyar dare. Wanda waɗannan iyakoki suka yi daidai da rayuwarsa, ya saya. Wanda aikinsa na daji ne, hujjarsa ta neman mai tsayin ƙafa karɓaɓɓiya ce. Abin da nake suka shi ne mutumin da duk zirga-zirgarsa ba ta wuce gida, ofis, masallaci da kasuwa ba, amma ya ci bashi don kada a raina shi a wurin ɗaurin aure.

In an yanke shawarar saye, akwai hattara da ya kamata a yi, domin araha ba ta ado. Ka je da bakanikenka, wanda kai ka saba da shi, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Ka sa a tayar da injin da safe yana sanyi, a nan hayaƙi da ƙara suke tona asiri. Ka duba lagireto da fanka da kyau, domin motar da ta yi ƙuruciyarta a sanyin Beljiyam, zafin Garwa ne jarrabawarta ta farko. Ka leƙa ƙarƙashinta, gishirin da Turawa suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe a ɓoye. Kada adadin kilomitan da ke kan allo ya ruɗe ka, ana iya mayar da shi baya. Lalacewar sitiyari da kujera da fedar kuloci sun fi shi faɗin gaskiya. Sannan ka gwada lambar da ke jikin shasi da wadda ke cikin takarda, harafi da harafi. A gari na kusa da iyaka, inda mota take iya shigowa ta Gashiga ko ta wata ɓarauniyar hanya, wadda ba a biya mata duwan ba rahusarta tarko ce, ranar da aka tare ta sai a rasa motar a rasa kuɗin. Wanda ya sayar da babur mai lafiya ya sayi irin wannan, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Kada kuma a zuba duk abin da aka tara a adashi a kan farashin mota kaɗai. Akwai sauya takardar mallaka zuwa sunanka, da inshora wadda tun 2017 ake haɗa harajin mota na shekara a cikinta, da gwajin lafiyar mota, da sefa 500 a kowane shingen biyan kuɗin hanya. Akwai baƙin mai da matatar iska, waɗanda ƙurar hunturu take sa a canza su da wuri. Mai hankali yakan ware wani kaso tun ranar saye, domin motar hannu ba ta rasa abin da za ta nema a watanninta na farko.

Akwai kuma wani haraji da ba ya cikin dokar kowace ƙasa, wato na zumunci. A unguwanninmu mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Ranar da ka saye ta ka zama mai kai marar lafiya asibiti, mai ɗauko baƙi daga tasha, mai rakiyar amarya. Wannan al'ada ce mai kyau, kuma a nan ma ƙarama ta yi wa babba fintinkau, domin mai ita yana iya cewa "to" ba tare da ya yi lissafin abincin gobe ba. Maƙwabcin da aka ƙwanƙwasa wa ƙofa ƙarfe biyu na dare, ya fito da makulli a hannu saboda akwai mai a tankinsa, ya fi amfani ga unguwa a kan wanda motarsa ta cika ƙofar gida amma sai an yi karo-karo kafin ta motsa.

Saura gare mu, masu zaman majalisa da masu tsokaci, mu rage ba'a. Dariyar da muke yi wa mai ƙaramar mota ita ce take tura ƙaninmu ya ci bashin da zai hana 'ya'yansa kuɗin makaranta. Idan ɗan'uwa ya shigo da 'yar motarsa, wadda ya saya da guminsa, takardunta cikakku, tankinta da mai, mu taya shi murna da zuciya ɗaya, mu yi masa addu'ar da iyayenmu suke yi wa mai sabon abin hawa. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya, ya sa a kashe lafiya.