Injiniyan Safe, Injiniyan Marece

Tun bayan damanar 2024, wadda ta ci rayukan mutane kusan 400 a faɗin Nijar, ta kuma kayar da tsohon masallacin Damagaram ranar 3 ga Satumba, mai neman sayen gida ya koyi tsoro. Ɗan kasuwar da a da yakan ƙulla ciniki a kan maganar dillali, yau cewa yake a kirawo masa injiniya ya duba tukuna. Wannan hankali ne, ba mu da ja. Jayayyarmu tana kan abu uku: wane ne injiniyan, wa ke biyansa, wa kuma za a kama ranar da bango ya faɗo.

Ga yadda abin ke gudana. Da safe mutumin yana biro, ma'aikacin gwamnati ne ko na magajin gari, takardun izinin gini suna bi ta teburinsa. Da marece ya hau babur, dillali na gaba yana biye, su faɗa gidan da za a sayar. Ya zagaya ɗakuna, ya ƙwanƙwasa bango da makulli, ya ɗaga kai ya dubi rufi, kafin shayi ya huce ya ce gida lafiya lau. A cusa masa ƴan jikkuna a aljihu. Sau da yawa takarda ma babu. In akwai, layi uku ne da hatimi, kuma hatimin nan shi ma'aikacin da ya shekara ashirin yana tari ya dogara da shi ya zuba dukan abin da ya mallaka.

Ƙwanƙwasa bango ba bincike ba ne. Duk wanda ya zauna aji a EMIG ta Yamai ko a Wagadugu ya san cewa kankaren da ke ɗaukar nauyi ana zuba masa siminti kilo 350 a kowace kubik mita, wato buhu 7, kuma sai ya kwana 28 ana shayar da shi kafin ya kai ƙarfinsa. Ya san magini kan rage buhu ya ƙara yashi, ya sa siririn ƙarfe inda ake bukatar mai kauri, sannan shafe da fenti su rufe asiri. Ana gane wannan ne in an tona gindin harsashi, an gwada kankaren, an hau rufi, an tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi a watan Agusta. Mutanen Maraɗi ba sa bukatar a koya musu tambayar ƙarshe: ruwan Gulbi ne ya cinye tsohon garin a 1945, har aka sake kafa shi bisa tudu. Aikin yini guda ne ko biyu, da kayan awo. To, wanda ya sato awa ɗaya tsakanin tashi daga aiki da magariba, yaushe zai yi shi?

Za a ce albashi ba ya kai wata, kuma mai ilimi yana da haƙƙin ci daga iliminsa. Gaskiya ne, babu ma'aikacin da bai san ranar 20 ga wata ba. Injiniya mai zaman kansa da ya buɗe ofishi, ya rataya sunansa a ƙofa, yana biyan haraji, ya duba gidaje dare da rana, Allah ya ba da sa'a. Amma wanda ke cin albashin ƙasa domin ya sa ido a kan gine-gine, ya koma da marece yana karɓar kuɗi daga masu ginin, ya zama kura mai tsaron akuya. Gidan da ya bari aka gina a hanyar ruwa, yaya zai rubuta cewa yana hanyar ruwa? Alhajin da ya biya shi jiya da marece, yaya zai hana shi izinin ƙara bene gobe da safe?

Mafi muni shi ne inda mai sayarwa ko dillali ke kawo injiniyan. Dillali ba ya cin la'ada sai ciniki ya faɗa, saboda haka injiniyan da ya cika ganin tsaga ba a sake kiransa. Turkiyya ta gwada irin wannan. Bayan girgizar ƙasar 1999 ta miƙa binciken gine-gine ga kamfanoni masu zaman kansu, amma aka bar ɗan kwangila ya zaɓi mai bincikensa ya kuma biya shi, har zuwa 2019 da aka gyara. Girgizar Fabrairun 2023 ta kashe sama da mutum 50,000 a ƙasar, kuma cikin benayen da suka rufta akwai sababbi masu cikakkun takardu. Mu ba mu da girgizar ƙasa, muna da damana, ita kuwa kowace shekara take zuwa.

A Faransa, inda muka kwafo rabin dokokinmu, mai binciken gida kafin sayarwa dole ya kasance da inshora, kuma doka ta hana shi wata alaƙa da mai gidan da za ta karkata hukuncinsa. Mun kwafo hatimin, mun baro alhakin. Ma'aikatar da ke kula da gine-gine tana iya fitar da sunayen waɗanda aka yarda su yi wannan aiki, ta liƙa su a ƙofar kowane magajin gari, ta cire duk mai hannu a ba da izini. Kafin ta farka, mai saye ya zaɓi injiniyansa da kansa, ya biya daga aljihunsa, ya ƙi karɓar maganar baka. Rahoton ya faɗi abin da aka tona, abin da aka auna, da abin da ba a duba ba, da kwanan wata da cikakken sunan wanda za a kai gaban alƙali.