Dattin Jakara: Ƙananan Hukumomi Su Haɗa Murya Su Nemi Kuɗin Tarayya

Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo a tsakiyar damina, daga bakin Kantin Kwari zuwa wajen kasuwar Singa, ba ya buƙatar a ba shi labarin halin da magudanan ruwan Fagge suke ciki, domin hancinsa zai riga idonsa sani. 'Yan kasuwar Kwari kuwa ba su manta da ambaliyar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da shaddoji. Tun daga nan koken jama'a bai wuce a yashe kwata ba, a faɗaɗa lambatu, a rushe ginin da aka ɗora a kan hanyar ruwa. Duk wannan daidai ne. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: idan ruwan ya bar ƙofar shagonmu, ina ya nufa, kuma wa ya tarbe shi?

Amsar ita ce Jakara. Wannan rafi ya ratso tsohon birni ta gefen kasuwar Kurmi, ya kwashi ƙazantar Fagge da Sabon Gari, sannan ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ya zarce zuwa madatsar Wasai a Ƙaramar Hukumar Minjibir. A kan hanyarsa, a Kwakwaci da sauran fadamun da ke gefensa, manoman rani suna ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da shi. Gari na wayewa kayan lambun su dawo kasuwa, mu saya mu ci. Ashe ƙazantar da muka kora da dare ita ke dawo mana a kwano da rana.

Wani ɓangare na matsalar a bakinmu yake. Da kalma guda, "ruwan kwata", muke kiran ruwan sama da ya gangaro kan titi, da ruwan wanka da wanke-wanke, da abin da ya tsiyayo daga masai, da ruwan majemar fata mai ɗauke da sinadarin kuromiyam. Abin da harshe ya cure wuri guda, da wuya hukuma ta rarrabe shi a kasafin kuɗi. Shi ya sa idan aka gina magudana sai a ce an magance ƙazamin ruwa, alhali magudana kora take yi, ba ta tacewa. Aikin rufe Jakara da shimfiɗa titi a kanta, wanda aka soma a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, yana da amfaninsa wajen rage wari da sauƙaƙa zirga-zirga, amma ruwan da ke gudu a ƙarƙashin kankare yana nan da dattinsa.

Ba mu ne farkon masu wannan kuskure ba. Bayan warin kogin Tems ya addabi majalisar Ingila a 1858, injiniya Joseph Bazalgette ya gina wa Landan manyan magudanai, waɗanda suka kai ƙazantar can gabashin birni suka juye a kogin, sai daga baya aka gane dole a tace ta. A Amurka kuwa, dokar tsaftace ruwa ta 1972 ta ɗora wa gwamnatin tarayya biyan har kashi 75 cikin 100 na kuɗin gina matatun ƙazamin ruwa na garuruwa, kafin a mayar da tsarin asusun rance mai sauƙi a 1987. Garuruwan ne suke nema, su ne kuma suke tafiyar da matatun bayan an gina.

A nan ne maganar ta zo kan ƙananan hukumominmu. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora masu alhakin magudanai da bayan-gidan jama'a da kwashe shara da najasa. Babu shakka aljihun Ƙaramar Hukumar Fagge ba zai iya gina matatar da za ta ɗauki ruwan Jakara ba, kuma babu mai hankalin da zai nemi ta yi. Amma Gwamnatin Tarayya tana da Asusun Kula da Muhalli tun 1981, tana da hukumar NESREA tun 2007, ita ce kuma ta gina wa Abuja matatar Wupa. Idan an ga dacewar tace ruwan mazauna Abuja, ba mu ga dalilin da zai sa na Kano ya zama saniyar ware ba. Abin takaici shi ne ba kasafai ake jin shugabannin ƙananan hukumomi suna tayar da wannan magana ba. Watakila don matatar ruwa ba ta da farin jinin rijiyar burtsatse ko rabon babura ranar taro.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya rage masu uzuri, ko da yake aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. Don haka muna kira ga majalisun Fagge da Dala da Birni da Kewaye da Nasarawa da Ungogo da Minjibir su zartar da ƙuduri iri ɗaya, su miƙa shi ta hannun gwamnatin jiha da wakilansu a Majalisar Tarayya, suna neman a gina matata a kan Jakara. Fagge ce ya kamata ta ja gaba, tunda kasuwanninta na cikin masu zubar da ruwa mafi yawa, 'yan kasuwarta kuma suna da bakin da Abuja ke saurara.

Wani hanzari ba gudu ba, goyon baya na fatar baki ba zai wadatar ba. Ƙasar nan cike take da injinan da aka buɗe da kiɗa, suka mutu saboda rashin man dizal. Ƙasa mai zafin rana irin tamu tana iya dogara da tafkunan tacewa, inda datti ke kwantawa a tafki na farko, rana da gansakuka da ƙwayoyin halitta su ƙarasa aikin a na gaba. Ba su cin wutar lantarki sosai, fili suke ci, kuma fili abu ne da ƙananan hukumomin bayan gari za su iya taimakawa a samu. Kuromiyam ɗin majemu kuwa tafki ba ya kawar da shi. A cikin masana'anta ya wajaba a cire shi, da kuɗin mai masana'anta, NESREA ta sa ido.

Saboda haka takardar da za a kai Abuja ta ƙunshi wurin da za a ba da fili, da abin da kowace majalisa za ta riƙa warewa duk shekara don kula da matatar, da wurin da motocin yasar masai za su riƙa juye kayansu maimakon bakin rafi. A kuma kira manoman Kwakwaci da masuntan Wasai a ji ta bakinsu kafin a sa hannu, domin su ne ruwan yake fara tararwa.