Ruwan dare ɗaya ba ya rushe gida

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana a kan abin da ba ma tunawa da shi sai damina ta yi nisa. Duk watan Agusta mukan karanta labarin gidajen da suka rufta wa masu su cikin dare. Sai a ce ruwan sama ne, a yi jaje, hukumar ba da agajin gaggawa ta kai shinkafa da bandir ɗin kwano, a jira baɗi. Amma ruwan wannan daren ƙarasawa kawai ya yi. Yawancin gidajen sun shekara da shekaru suna shan ruwa ta rufi, ta tsagar bango, ta gindin gini, kuma alamun ba a ɓoye suke ba: fenti ya kumbura, yaɓe yana zuba, gindin bango ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa, ɗaki yana warin danshi.

Maginan dā ba su ɗauki tsare gini daga ruwa a matsayin ado ba, cikin aikin yake tun ran gini tun ran zane. Sukan jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, su kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwanta don bango ya riƙa tunkuɗe ruwa. A kan soro kuwa laso ake shafawa, haɗin katsin marina da gashin awaki daga majema da ruwan dafara mai yauƙi, ya bushe ya yi tauri. Rufin yana da gangara, indararo kuma dogo ne don ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne, kafin ruwan fari ya sauka maigida yakan hau soro ya duba, a liƙe tsaga, a sabunta yaɓe. Da irin wannan kulawa ce Gidan Makama a Kano da hasumiyar Gobarau a Katsina suka ga ɗaruruwan damina, alhali ƙasa ce jikinsu.

Mu kuwa mun saki wancan ilimin, sabon ma ba mu kama shi duka ba. Mai gidan ƙasa yakan yi wa bangonsa filasta da siminti yana ganin ya huta, alhali siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai. Da ya tsage, ruwa ya shige baya, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe tana narkewa a ɓoye, daga waje kuma bango sumul. Mai ginin bulo shi ma bai tsira ba. Bulo yana jan ruwan ƙasa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir, shi ya sa ake shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kan harsashi kafin a ɗora bango. Sau da yawa wannan ne abu na farko da ake tsallakewa idan kuɗi ya yi kaɗan, don ba ya nunawa a ido kamar tayil. Rufin kankare ma idan ruwa yana kwana a kansa, yakan ratsa har ya tarar da rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Kafin a kai nan, iyali sun daɗe suna shaƙar fumfuna, mai asma kuma shi ya fi kowa jin jiki.

Za a ce talaka yana fama da abin sawa a baki, ina ya ga kuɗin wannan? Gaskiya ne, kayan gini sun yi tsada. To amma a auna: kuɗin leda, da gyaran indararo, da sauya ƙusar kwano da ta saki, da cike gindin bango don ruwa ya gangara kwata, duk a haɗe ba su kai kuɗin tayar da bango ɗaya da ya faɗi ba. Talaka ne ma ya fi bukatar wannan, don shi ne ba shi da inda zai kwashe iyali idan ɗaki ya zube. Wasu kuma za su ce ai babu dabarar da za ta tare ambaliya. Na yarda. Irin abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ba laso ba leda da za su hana, wannan nauyin gwamnati ne. Sai dai kada mu ɓuya a bayan ambaliya, domin gidan da ya faɗi a unguwar da ruwa bai kai idon sawu ba, ba ambaliya ce ta ci shi ba. Masu cewa ƙaddara ce kuma, addininmu bai raba tawakkali da ɗaukar mataki ba.

Saboda haka ina kira ga hukumomin tsara birane, irin su KNUPDA a Kano, su riƙa duba shimfiɗar hana danshi kafin a rufe harsashi. Masu gidajen haya su daina barin ɗan haya yana tara kwanuka a tsakar ɗaki. Makarantun koyon sana'a kuma su nemo tsofaffin maginan da suka rage su koyar da haɗin laso da makuba tun suna raye. Lokacin gyaran gida daga bayan kaka ne zuwa bazara, sa'ad da bango ya bushe, yaɓe zai kama.

Wassalam,
Mai karatu daga Kano