Duba Takalmin Birki Ɗaya Ba Dubawa Ba Ce

'Yan'uwa manoma, a kowane taron ƙungiya mukan yi dogon lissafi a kan taki da iri da kuɗin mai. Amma da wuya a ji wani ya miƙe ya tambayi lafiyar birkin motar ƙungiya. Ga shi kuwa ita ce ke kai gero da wake da gyaɗa kasuwa, a kan buhunan kuma matanmu da 'ya'yanmu ke zama. Ra'ayinmu shi ne, duba birki aikin ƙungiya ne duka, kada a bar wa direba shi kaɗai.

Ga abin da ya sa muka faɗi haka. Kwanan baya mun raka a-kori-kurar wata ƙungiya zuwa wurin wani makaniki kusa da Ƙofar Kwaya a Katsina, ta wajen hanyar Dutsin-Ma. Direba ya ce motar tana ja gefe guda in ya taka birki, amma ya leƙa ya ga takalmin birki da sauran kauri. Bai yi ƙarya ba, na waje ya gani. Da aka kwance taya aka zaro na ciki, sai ga ƙarfe tsirara, har ya fara zane faifan birki. Da wannan motar aka yi niyyar kwashe amfanin gonar bana.

Bari mu bayyana yadda abin yake. Kowace tayar gaba tana da faifan ƙarfe mai juyawa tare da ita. Akwai takalma 2, waɗanda makanikai ke kira fad, ɗaya daga ciki, ɗaya daga waje. In an taka birki, man birki yakan tura fistin, sai wani ƙarfe da ake kira kalifa ya matse takalman a jikin faifan, kamar yadda mutum ke kama faranti da yatsu biyu. Kalifa tana zamewa a kan ƙusoshi 2 masu giris, da roba ta rufe su. Ƙurar hunturu da lakar damina su ne abokan gābar wannan wuri. Roba ta yage, giris ya bushe, tsatsa ta kama, sai takalmi ɗaya ya riƙa yin aikin biyu.

Saboda haka tsohon takalmi yana ba da labari ga mai lura. In na ciki ya fi na waje cinyewa, ko dai fistin ya maƙale, ko ƙusoshin sun kafe. In na waje ne ya fi ci, kalifa ce ba ta komawa wurinta. In ya ci a karkace kamar bakin gatari, ƙusa ɗaya ta kafe, ko an ɗaura shi ba daidai ba. In kuwa na tayar hagu sun ƙare na dama suna nan, a duba kalifa da tiyon man birki. Sabon takalmi yakan kai milimita 10 zuwa 12. In ya sauko zuwa milimita 3, wato ya ɗan ɗara kaurin tsinken ashana, lokacin canji ya yi.

Mun san abin da ma'aji zai ce: kuɗi ba su da yawa, a canja wanda ya ci kawai. Ba mu raina wannan magana ba, gama kuɗin ƙungiya gumin mutane ne. Amma araha ba ta ado. In aka sa sabon takalmi a kan ƙusa mai tsatsa, shi ma zai cinye kamar na farko, a sāke biya. In aka canja na taya ɗaya aka bar ɗaya, birki ba zai kama daidai ba, motar ta riƙa fizga. In kuma ƙarfe ya ci faifan, kuɗinsa ya ninka na giris da roba sau da yawa. A tuna kuma, in gudu ya ninka sau 2, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya yakan ninka sau 4, balle da kaya a bayanta.

Wani zai ce ai akwai hukuma. Gaskiya ne, tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Amma jami'in da ke bakin hanya ba zai kwance mana taya ya duba takalmin ciki ba. Wannan namu ne.

Ga shawararmu. Sau 2 a shekara, kafin kaka da bayan damina ta ɗauke ƙarshen jigila, a kai motar wurin makaniki, mutum 2 daga kwamiti su raka direba. A kwance tayoyin gaba duka, a jera takalman 4 a ƙasa kowa ya gani, a duba na baya su ma. A wanke ƙusoshi a sa musu girishin birki, a canja robar da ta yage. In za a canja takalma, a canja na hagu da na dama tare. A sāke man birki kamar bayan shekara 2, don yana shan ruwa daga iska. Kada a dogara ga jak kaɗai, a tokare motar da gungume. Kada kuma a hure ƙurar birki da baki, tana cutar da huhu. Magatakarda ya rubuta kwanan wata da kaurin kowane takalmi a littafin ƙungiya.

A taronku mai zuwa, kafin a shiga zancen taki, wani ya miƙe ya tambaya: yaushe aka kwance tayar motarmu, wa kuma ya ga takalmin ciki da idonsa?