ZAWARAWA: BAYAN GADO DA KATIFA, SAI ME?



Duk wanda ya fito daga masallacin Juma'a a Kano ko Zariya ko Katsina ba ya buƙatar a ba shi labari. A bakin ƙofa zai tarar da su a jere, mata cikin hijabin da ya koɗe, wata da goyo, wata riƙe da hannun yaro, suna jiran abin da masallata za su miƙo. Wata mijinta ne ya rasu, tana fita takaba dangi suka watse. Wata kuwa sakinta aka yi da 'ya'ya uku, uban ya hana ko kwanon masara, alhali shari'a ta ɗora masa ci da sha da suturar 'ya'yansa ko da aure ya mutu. Akwai kuma waɗanda kunya ta hana su fitowa, suna cikin gida suna wankau da surfe, babbar 'yar tana yawon talla a lokacin da sa'o'inta ke aji.

Mahukunta ba za su ce ba su san da su ba, domin kowace gwamnati da irin nata shirin. A 1987 Maryam Babangida ta zo da shirin Better Life, a 1994 Maryam Abacha ta zo da Family Support, kowanne kuma ya shiririce da ƙarewar mulkin maigidan. Gwamnatin Buhari ta ɓullo da tallafin Naira 5,000 a wata ga gidajen talakawa, har aka zuba a cikinsa Dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Siwizalan ta dawo da su. A Kano kuwa, tun 2012 gwamnatin Kwankwaso ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisbah, kuma a watan Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da zawarawa da 'yan mata 1,800, bayan ware Naira miliyan 854 domin hidimar.

Aure sunna ne, babu mai hankalin da zai ƙi a taimaka wa talaka ya yi shi. To amma idan aka watse daga biki, me ya rage a hannun wannan baiwar Allah? In sabon mijin ya rasu, ko talauci ya kama shi, ko shi ma ya miƙo takarda, gado da katifa kasuwa za su tafi, ta koma inda ta fito da ƙarin goyo. Ita ma Naira 5,000 ɗin, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya mayar da irinta kuɗin cefanen yini ɗaya ko biyu. Taimakon da ake cinyewa yana ƙarewa, amma ilimi da sana'a babu mijin da zai sake su, babu magajin da zai raba su.

Kuma an taɓa gwadawa an ga amfani. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, aka buɗe azuzuwan yamma da cibiyoyin mata inda ake koyon karatu da rubutu da lissafi haɗe da ɗinki da saƙa. Ta wannan ƙofa matar da aka cire daga firamare aka aurar tana iya komawa aji ta kama daga inda ta tsaya. Daga 2012 zuwa 2020 kuma an yi shirin Women for Health da tallafin gwamnatin Ingila a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno. Shirin ya ɗauko matan karkara da sakamakon sakandarensu bai cika ba, ya ba su darasin share fage har suka cancanci shiga makarantun ungozoma da aikin jinya, aka kuma tanadi ɗakunan reno saboda masu goyo. Mai karatu ya duba ribar: uwa ta samu albashi, 'ya'yanta sun zauna a makaranta, matan ƙauyensu sun samu 'yar'uwarsu mace da za ta karɓi haihuwarsu.

Ɗakin renon nan shi ne sirrin da masu tsara shirye-shirye suke mantawa da shi. Mace mai 'ya'ya ba kamar budurwa ba ce. Wa zai riƙe mata yaye in ta tafi aji? Me yara za su ci a ranar da ta bar wankau domin darasi? Ina kuɗin mota? In ta ƙware kuma, ina jari, ina kasuwa? Duk shirin da bai amsa waɗannan tambayoyi ba, zai cika da ɗalibai a makon farko, ya zama kango kafin wata uku. Balle irin horon kwana biyar da ake yi gab da zaɓe, a ɗauki hoto, a raba keken ɗinki ga 'yan jam'iyya, washegari a tsinci kekunan a kasuwa.

Wasu za su ce ai mace 'yar ɗaki ce, fitarta fitina. Sai a tuna masu da abin da Imamu Muslim ya ruwaito, cewa an saki innar Jabir ɗan Abdullahi, ta fita za ta girbi dabinonta wani ya tsawata mata, amma Manzon Allah (S.A.W.) ya ba ta izini, tana cikin idda. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi jima take yi da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. A ƙasar nan ma Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajoji ƙauyuka su karantar da mata. Wace fitina ce ta kai uwa ta tsaya bara a bakin titi, ko ta ɗora wa 'yar shekara goma faranti ta tura ta tasha?

Saboda haka gwamnatocin jihohi su ware wa ilimin zawarawa da matan mamata kaso tsayayye a kasafin kuɗi, wanda doka za ta kare shi, kada ya tafi da tafiyar gwamna ko matarsa. A sa ɗakin reno da ɗan alawus na abinci a kowace cibiya, horon ya kai watanni ba kwanaki ba, wadda ta gama a ba ta kayan aiki. Kotunan shari'a su matsa wa iyaye maza su biya kuɗin ciyarwa, domin tallafin gwamnati ba ya sauke wajibin uba. Hukumomin zakka da masu hannu da shuni su ɗauki nauyin karatun wasu har su kammala. Makarantun Islamiyya na matan aure da ke unguwanni kuwa, aji yana nan, ɗalibai suna nan, abin da ya rage a ƙara masu lissafi da sana'a.

Yaron da ke riƙe da hijabin uwarsa a ƙofar masallaci yau, gobe ko dai malami ne ko ɗan daba, kuma al'umma ce za ta girbi abin da ta shuka.

Allah Ya jiɓinci lamarin marayu da iyayensu mata, Ya ba masu iko tsoronSa.